Rijiyar Baba da Takardar da Na Rubuta

'Ya'yana, akwai abu biyu da kuka taso kuna gani, ban jin akwai wanda ya taɓa haɗa su a cikinku. Na farko takardar yabon nan ce da uwarku ta sa aka yi wa gilashi ta rataye a falo, wadda in baƙo ya zo sai ta san yadda ta yi ya zauna yana fuskantarta. Na biyu dakalin simintin nan ne mai zagaye da ke ƙofar gidan kakanku a Ƙofar Dundaye, wanda kuke hayewa kuna shan rake in mun je gaisuwar Salla. Ƙarƙashin dakalin nan rijiya ce, kuma aikin da aka yaba mini a takardar shi ya rufe ta. Tsofaffin abokan aikina suna cewa na ceci yaran unguwa. Tsofaffin matan unguwar kuwa har suka ƙare ba su da sunan da suke kirana da shi sai yaron da ya rufe rijiyar ubansa. Na gaji da jin duka biyun, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda aka yi, ko da yake ina gaya muku tun yanzu, ni ma da aka yi abin da hannuna ban gama gane shi ba.

Kakanku, Baba, hatsi yake sayarwa a kasuwa, gero da dawa, wani lokaci shinkafa. Ba mai arziki ba ne, kuma ba malami ba ne. Wata shekara tun ba a haife ni ba kasuwa ta yi masa kyau, sai ya kira magina rijiya. Mutane suka ce ya gina ta cikin gida matansa su huta, ya ƙi, ya ce a waje za a yi ta, inda mace za ta ɗebi ruwa ba sai ta yi wa kowa sallama ba. Ruwan ya fito garau, mai sanyi, babu ɗanɗanon kanwa. Guga ɗaya ya sa aka ɗinka na fata, shi yake fito da shi da asuba, shi yake shiga da shi bayan magariba. Bai cika magana a kan lahira ba, amma kowa a gidan ya san abin da ya ajiye wa kansa ke nan. Yakan ce karatunsa bai kai ya tsaya gaban kowa ba, amma dai ya shayar da mutane.

Ni kuwa na dawo daga karatun ƙididdiga a Kudu da wando mai faɗin ƙafa da kai cike da iska. Lokacin kuɗin mai ya fara zuba, soja ke mulki, duk inda ka juya siminti ne da sabon babur. An yi ta gina gidajen ma'aikata a bayan gari, samari masu albashi suka kwashi matansu suka koma can, ni da uwarku muna ciki. Tsohon gari ya zama na tsofaffi. Ku riƙe wannan, don a nan ƙafata ta zame, kuma da idona buɗe. Aka ba ni tebur a ofishin da ke kula da lafiyar jama'a, ni kaɗai ne mai irin karatuna, masinja na kirana Malam Lissafi, ni kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

A shekarar ne gudawa ta dami ƙananan yara a gari. Ba irin annobar da ke kwashe gida guda ba ce, a'a, yau nan gobe can, yaro ya rame ya lanƙwashe, kwana kaɗan a ji an yi jana'iza. Aka kafa kwamiti, aka ɗora wani Manjo a kai, mutum gajere mai sanda a hammata, wanda bai yarda akwai abin da zai gagari oda ba. Ya ce a gaya masa daga ina cutar take fitowa. Na bi ɗakunan shan magani na unguwanni na kwafo rajistarsu, wadda ake rubuta sunan yaro da ciwonsa da gidan da aka kawo shi daga ciki. Na tura duba-gari suka bi gidajen suna tambayar inda ake ɗibar ruwan sha. Sai na shimfiɗa taswirar gari, duk yaron da ya kwanta in ɗiga masa jan biro. Ina ɗigawa ina ɗigawa, har na ga jan yana taruwa wuri ɗaya kamar tururuwa ta sami sukari. Da na duƙa in ga wace unguwa ce, sai na ga ƙofar gidanmu.

Na sake lissafin ya fi a ƙirga, ta gaba ta baya, amsa ɗaya yake ba ni: gidajen da ke shan rijiyar Baba sun fi sauran gari kwantar da yara da binne su. Na kwashe kwanaki takardar na cikin aljihun tebur. Ina so in ce muku tsoron Allah kaɗai ya sa na miƙa ta, amma ba zan yi muku ƙarya da furfurata ba. Akwai tsoron Allah, akwai tausayin yaran, akwai kuma son a ce ga wani yaro da bai duba fuskar ubansa ba. Na shiga ofishin Manjo na shimfiɗa taswirar. Ya ɗora bakin sandarsa a kan jan.

"Rijiyar wa ce wannan?"

"Ta mahaifina ce, yallaɓai."

Ya ɗago ya dube ni, ya miƙe tsaye ya ba ni hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi wa farar hula ba. Ya ce irina ƙasar nan take nema. Daɗi ya kama ni, amma wani abu na sukata a ciki, sai na ce:

"Yallaɓai, takardar ta nuna inda cutar ta taru ne. Na aika da kwalbar ruwan a gwada. Da an ɗan jira sakamako."

"Malam, ni soja ne. Kai ka nuna mini wurin, saura aikina ne. Kana so in jira kwalba yara na mutuwa?"

Ni ma da ni ne a kujerarsa ban san me zan yi ba. Kwalbar kuwa mota ta tafi da ita wani gari mai nisa inda ake da na'urar gwaji, kuma har yau da nake rubutun nan sakamakonta bai dawo ba.

Na roƙi a bar ni in gaya wa Baba da bakina. Na same shi a zaure bayan la'asar yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na yi ta kewaye-kewaye, ina kawo taswira ina kawo rajista, har ya gaji ya ajiye igiyar.

"Garba, bar zagaye. Mi takardarka tac ce?"

"Ta ce yaran da ke shan rijiyar nan sun fi kwantawa, Baba."

"Ruwana na ka kashe ɗiyan mutane?"

"Haka lissafin ya nuna."

Na shirya wa faɗa, na shirya wa baki ma. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi ƙasa ya ce:

"In ɗa guda na ruwan ga yak kashe, a ruhe ta. Ni don a sha a rayu nig gina ta."

Ranar da motar siminti ta zo, unguwa ta cika. Mata sun fito da tuluna don su ɗebi na ƙarshe, Baba ya tsaya a bakin rijiyar ya hana, ya ce kada wadda ta kai wa ɗanta. Shi kaɗai ya zura guga ya jawo, ya kafa kai ya sha har ruwan na bin gemunsa, ya zubar da sauran a ƙasa. Ya naɗe igiyar a hannu ya shige zaure, bai tsaya ganin an ɗora marfin ba. Ni ina tsaye kusa da Manjo cikin farar riga mai guga, matan da suka goye ni ina jariri suna kallona. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kakarku, Inna, sai da aka yi makonni sannan ta tayar da maganar. Ni ɗan fari ne, kun san ba ta kiran sunana, ba ta ma kallona sosai in tana magana, sai dai ta fuskanci bango ko kaji ta faɗi abin da za ta faɗa, ni in tsinta. Wata Asabar da hantsi na shiga gaishe ta, fayil ɗina a hammata don daga nan zan wuce ofis, tana zaune tana tsince shinkafa a faifai. Sai na ji ta ce wa faifan:

"Mai takardu ya karanta min sunayen ɗiyan da anka ce ruwanmu ya kashe. In san ko su wa za mu ba haƙuri."

Na zauna a kan turmi na buɗe fayil. Na karanta suna na farko da gidan da aka rubuta. Hannunta ya tsaya.

"Wagga ai ba ɗiyar unguwag ga ba ta. Jikar Ta-Malam ta, uwatta na can sabbin gidaje kusa da ku. Yaye anka kawo ta, ko kwana goma ba ta yi ba."

Na karanta na biyu.

"Wanga da zawonai yaz zo. Goye anka kawo shi bisa babur, ido ya riga ya zurma. Ni da kaina nid dama mai kunu, bai sha ba."

Na uku ta ce ɗan unguwa ne, an haife shi nan, nan ya sha ruwa, Allah ya jiƙansa. Na huɗu yaye. Na biyar uwar ta kasa jinya ta kawo wa kaka. Haka muka yi ta tafiya, ina karantawa tana warwarewa, ba ta ɗago kai ba. Can ta ture faifan gefe, ta juya wajen kaji, murya ta ɗan tashi.

"Wai duk karatun ga ba a koya ma mutum cewa in za a yaye ɗa wurin kaka aka kai shi ba? In ya rikice ma uwatai, ina aka kai shi in ba wurin tsohuwa ba? Shi mai tambayar, ina anka yaye shi? Dundaye, wurin uwata. Ya yi zawo har munka hidda rai. Wa yat tahi yar ruhe rijiyarsu?"

Wallahi na san wannan al'ada kamar yadda na san sunana. Babu ɗan Sakkwato da bai sani ba cewa ranar da za a raba yaro da nono, ana ɗaukarsa a kai shi gidan kaka ya kwana biyu har ya manta, kuma lokacin ne cikinsa ya fi lalacewa, don ya bar nono ya koma kunu da duk abin da hannunsa ya kai. Babu wanda bai sani ba cewa yarinya mai ɗan fari in ciwo ya fi ƙarfinta gida take rugawa. Ni kaina ina shirin kai yayarku wajen Inna in lokacin yayenta ya yi. Amma da na zauna gaban rajista sai duk wannan ya fice mini daga kai. Kaka ce ke kai yaron shan magani, malamin asibiti ya tambaye ta gida, ta faɗi nata, ya rubuta, ni kuma na zo na ɗiga ja. Iyayen yara sun koma bayan gari, kakanni sun zauna a tsohon gari kewaye da rijiyar Baba. Ashe yaran da suka fi rauni a faɗin gari ake kwasowa ana kawowa unguwarmu, wasu ma da cutarsu suka zo.

Na tashi da gudu-gudu zan gaya wa Baba, sai na tsaya a soro na ce a'a, gaggawa ce ta kai ni inda nake, bari in yi aikin yadda ya kamata. Na ɗauki hutu na bi gidajen da ƙafata, ba duba-gari, ina zama da tsofaffi ina tambaya: yaron nan yaushe ya zo gidan nan, kuma da lafiyarsa ya zo? Na ware 'yan yaye gefe, na ware waɗanda aka kawo jinya gefe, na bar 'yan unguwa na asali waɗanda suka sha rijiyar tun daga haihuwa. Na sake lissafi ina addu'a jan ya watse gaba ɗaya. Ya watse sosai, amma bai ƙare ba. An bar ɗan ragowa, kuma yaran da suka rage ba su da yawan da mai irin aikina zai dafa ya ce wannan ruwa ne, ko ya ce ƙaddara ce kawai ta faɗo wuri ɗaya. Kamar wannan bai isa ba, a yawon nan ne na gano wani maƙwabci ya haƙa sabuwar salga bayan katangarsa a shekarar, ba nisa da rijiyar. Ko ta tsiyaya ciki? Mai yiwuwa. Mai yiwuwa kuma a'a. Abin da zai raba gardama shi ne ruwan, ruwan kuma yana ƙarƙashin siminti.

Na rubuta takarda ta biyu na bayyana duk wannan, na nemi a buɗe rijiyar a gwada. Kafin a gama buga ta a keken rubutu gwamnati ta canja hannu, Manjo ya tafi inda aka tura shi. Wanda ya gaje shi farar hula ne, dattijo mai taushin murya. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce mini takardata ta farko an riga an yi kwafinta an aika garuruwa, har an rufe rijiyoyi da dama da irin taswirata.

"Yanzu so kake mu rubuta musu cewa gwamnati ta yi kuskure, ko kai ne ka yi?"

"Ni ban ce kuskure ne ba, ranka ya daɗe. Cewa na yi ban sani ba."

"To ai ba a buɗe fayil a kan ban sani ba, ɗana."

Ya sa ta a ƙarƙashin wasu takardu, can ta kwanta. Sai kuma abin da ya ƙarasa rikita ni ya faru: shekarar da ta biyo baya gudawar ta ragu a unguwarmu, ta ragu ƙwarai. Aka yi ta yi mini barka, a nan ne aka ba ni takardar da ke falo. Amma a wannan shekarar ce aka ja famfo zuwa unguwar. A shekarar ce damina ta yi kyau bayan shekarun fari, gero ya wadata a gidaje. A shekarar ce masu allurar ƙyanda suka bi gida-gida. Wanne ne ya ceci yaran? Rufe rijiyar, ko famfo, ko ƙoshi, ko allura? Famfon ma sai ya yi kwanaki bai kawo ba, mata su sayi ruwan 'yan ga-ruwa wanda ba wanda ya san inda aka ɗebo shi. Ko da rijiyar na nan da ragin ya fi haka? Duk abubuwan sun zo tare, sun cakuɗe kamar gero da dawa a buhu ɗaya, kuma ba a mayar da shekara baya a sake ta da rijiya a buɗe don a gani.

Sauran rayuwar aikina a kan wannan tambaya ta ƙare: in ka ga abu biyu tare, ta yaya za ka san ɗaya ne ya jawo ɗayan? Na koyar da ɗalibai, na hana rufe wasu rijiyoyin, na sa an rufe wasu bayan an gwada. Na yi ta naci har aka ƙara layi biyu a takardun da muke cikawa, yaushe yaron ya zo gidan, kuma da lafiya ya zo. Waɗanda na koyar suna cewa wannan ne babban abin da na bari, har suna danganta tambayar da sunana. Ku dai ku sani ta kakarku ce, wadda ba ta san ko bihim a boko ba, kuma kaji ta faɗa wa.

Baba kuwa na gaya masa duk abin da na gano, ban ɓoye masa salgar ba. Ya saurara, ya ce to in ci gaba da dubawa. Ya rataye gugan a ƙusa cikin zaure, duk Juma'a ya sauke shi ya shafe shi da mai don kada fatar ta bushe ta tsage. Duk Juma'ar da na je gaishe shi, bayan mun gama gaisuwa, sai ya tambaya ba tare da ya daina shafawar ba:

"Garba, lissahin ya ƙare?"

"Da saura, Baba."

Shekaru muka yi a haka. Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi, na shiga wata rana da azahar na same shi ya rame, Inna na masa fifita. Ya buɗe ido ya yi mini tambayar nan tasa. Kafin in amsa, Inna ta juya wajen bango ta ce:

"Wani ya hwaɗa mai abin da zai samu natsuwa."

Na gane abin da take so. Kalma huɗu ce, ba ruwanka ba ne, kuma mai yiwuwa ma gaskiya ce. Na buɗe baki, sai na tuna da irin wannan tabbacin na rufe rijiyar, kuma ya yarda da ni a lokacin don ya ɗauka ba na faɗin abin da ban sani ba. Na ce:

"Baba, mafi yawansu ba ruwanka ba ne. Wannan na tabbata."

"Sauran hwa?"

"Sauran ban sani ba."

Ya lumshe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, sai na ji ya ce a hankali:

"To su na za a tambaye ni."

Bayan kwana biyu ya rasu. Inna ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko ta wajen bango. Ni kuma yau na girmi Baba a shekarun da ya rasu, na juya abin ta kowace fuska, ban san ko gaskiya na riƙe ranar nan ba ko taurin kai. Wata rana in ga daidai na yi, wata rana in ji kamar in tsaga ƙasa in shige.

Don haka in kun ji wani ya ce ruwan kakanku ya kashe yara, ku ce ubanku da ya yi lissafin bai tabbatar ba. In kun ji an ce ubanku ya ceci unguwa, ku ce shi ma bai tabbatar ba. Takardar falo ku bar wa uwarku, tana sonta. Kwafin takarda ta biyu da na rubuta yana cikin akwatin ƙarfen da ke ɗakina, gugan na kansa. Da aka zo rabon kayan Baba shi kaɗai na ce a ba ni. Fatar ba ta tsage ba har yanzu, don duk Juma'a in na dawo masallaci nakan fito da shi in shafa masa mai.